Sabar da Za Ta Tashi da Kanta Bayan An Ɗauke Wuta: rc.local, cron ko systemd?

Akwai wani Alhaji mai sarin shadda da atamfa a Kantin Kwari da na taɓa haɗa wa ƙaramar na'ura a bayan kantarsa. Raspberry Pi 4 ce, ba ta wuce tafin hannu ba, a cikin ɗan akwatin roba, na maƙale ta jikin bango kusa da rauta. Aikinta guda ɗaya ne: tana riƙe da manhajar lissafin kaya, yaran shago suna shiga da wayoyinsu ta Wi-Fi, su rubuta bandir nawa ya fita, turmi nawa ya rage, wa ya ɗauka bashi, wa ya biya. Ranar da na gama, komai yana tafiya lafiya lau. Washegari wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga kira.

"Injiniya, abin naka fa ya tsaya. Yara sun ce ba ya buɗewa."

"Ranka ya daɗe, an ɗauke wuta ne?"

"An ɗauke da safe, mun tayar da inji. Ga fitilarsa nan ma tana ci, ja da kore."

Na hau adaidaita na koma. Na'urar ta tashi, ba ta da laifi. Manhajar ce ta yunƙura ta faɗi. Na sa ta a fayil ɗin rc.local, kuma na ce mata ta kama wani adireshin IP takamaimai. Da wuta ta dawo, Pi ta riga rauta gama tashi, manhajar ta nemi adireshin da ba a kai ga ba ta ba, ta mutu nan take, babu kuma wanda zai sake tayar da ita. Jiya da na gwada, rauta tana kunne tun tuni, shi ya sa matsalar ba ta bayyana ba.

Tun daga ranar na daina tambayar kaina ko manhaja tana tashi in an kunna na'ura. Wannan tambayar ta masu wuta dare da rana ce, waɗanda sabarsu, wato na'urar da ke riƙe da manhajar da wasu ke shiga, kan yi watanni ba ta mutu ba. A garin nan na'ura tana iya mutuwa ta tashi sau uku, sau biyar a yini guda: an ɗauke, an koma inji, mai ya ƙare, an kawo, an juya makunni. Kowane tashi jarrabawa ce, kuma ba ka wurin. Abin da nake tambaya yanzu shi ne: hanyar da na zaɓa ta san ta jira abin da manhajar ke buƙata? In manhajar ta faɗi da tsakar rana, wa zai ɗaga ta? In an kira ni, ina zan duba in ga abin da ya faru? Da wannan ma'aunin zan gwada hanyoyin.

Mu fara da rc.local, tunda shi kowa ke fara cin karo da shi. Fayil ne a /etc/rc.local da tsarin ke karantawa kusa da ƙarshen tashi. Ka rubuta umarninka a sama da layin exit 0, ka ƙara alamar & a ƙarshe don kada ya tsare hanya, shi ke nan. Sauƙinsa shi ne duk abin da yake da shi. Duk abin da ka sa a ciki da ikon root, mai cikakken iko a kan na'urar, zai gudana, wato manhajar da wayoyin mutane ke shiga tana riƙe da makullan gidan gaba ɗaya. In ta faɗi ta faɗi ke nan. In ka manta alamar &, tashin na'urar ba zai kammala ba. Kuma sababbin Debian da Ubuntu, nau'o'in tsarin Linux, ba sa zuwa da fayil ɗin ma. Systemd, manhajar da ke tayar da sauran manhajoji a waɗannan tsare-tsaren, shi ne ke gudanar da shi in ya tarar da shi, don kawai tsofaffin tsare-tsare kada su lalace. Har yanzu ina amfani da shi a wurin abin da ake yi sau ɗaya a wuce, kamar kunna wata fitila ko saita wani ƙaramin abu a jikin allon na'urar. Amma sabar da kasuwancin mutum ya rataya a kanta, a'a.

Cron ɗan'uwansa ne na kusa. Asalin aikinsa gudanar da umarni a kan lokaci, amma nau'in da Paul Vixie ya rubuta, wanda Debian ke amfani da shi, yana karɓar kalmar @reboot a maimakon lokaci. Ka buga crontab -e, ka rubuta @reboot da umarnin. Ya fi rc.local da abu ɗaya mai muhimmanci: manhajar za ta gudana da sunan mai amfanin da ya rubuta layin, ba dole sai root ba. Sai dai yana da nasa tarkon da ya cinye wa mutane da yawa dare. Cron yana gudanar da umarni a muhalli tsirara, inda PATH, wato jerin wuraren da ake neman umarni, bai wuce /usr/bin da /bin ba. Umarnin da ke aiki sarai in ka buga shi da hannunka a taminal sai ya ƙi tashi a cron, domin bai san inda ka ajiye node ɗinka ko muhallin Python ɗinka ba. Maganin shi ne rubuta cikakkiyar hanyar kowane fayil. Batun jiran netwok kuwa, abin da ake yi shi ne a sa sleep 30 a gaban umarnin a yi fata. Ranar da rauta ta ɗauki daƙiƙa arba'in, an koma gidan jiya. Shi ma ba ya ɗaga abin da ya faɗi, ba ya ajiye maka labarin faɗuwar sai in ka juya fitar manhajar zuwa wani fayil da kanka.

Yanzu systemd, wanda shi ne zaɓina a duk allon da ke ɗauke da Raspberry Pi OS, ko Armbian, ko Ubuntu, ko Debian. Lennart Poettering da Kay Sievers ne suka fito da shi a 2010, Debian ya mai da shi tsarinsa na tashi a fitowar Jessie ta 2015, a shekarar kuma Raspbian, wanda yanzu ake kira Raspberry Pi OS, ya bi sahu. Na san akwai tsofaffin masu Linux da ba sa ƙaunarsa, suna cewa ya haɗa ayyuka da yawa a hannu ɗaya, kuma maganarsu tana da tushe. Amma ka lura da wannan: in allonka yana ɗauke da ɗaya daga waɗannan tsare-tsaren, systemd yana nan yana aiki ko ka so ko ka ƙi. Shi ne manhajar farko da Linux ke tayarwa, shi ke tayar da cron, shi ke gudanar da rc.local. Wanda ya bi ta waɗancan hanyoyin bai guje masa ba, ya dai aika masa saƙo ta bakin ɗan aike alhali ga maigidan a zaune.

Abin da ake rubutawa bai wuce layi goma sha biyu ba. Ka buɗe fayil a /etc/systemd/system, ka sa masa suna kamar shago.service. Sassa uku gare shi, kowanne da sunansa a layinsa cikin baka mai kusurwa. A sashen Unit ka rubuta Wants=network-online.target da After=network-online.target. Duka biyun ake so, domin After jeri kawai yake tsarawa, wa ke gaba wa ke baya, Wants ne ke cewa a tayar da abin da ake jiran. A sashen Service ka rubuta ExecStart da cikakkiyar hanyar manhajar, WorkingDirectory da inda fayilolinta suke, User da sunan wani mai amfani marar iko da ka ƙirƙira dominta, sannan Restart=always da RestartSec=5. A sashen Install ka rubuta WantedBy=multi-user.target. Daga nan sai systemctl daemon-reload, sai systemctl enable --now shago. Kalmar enable ɗin nan ita ce mutane ke mantawa. Su buga start, su ga tana aiki, su tafi. Start na yanzu-yanzu ne, enable ne ke sa ta tashi gobe.

Bari in tsaya a kan RestartSec, don a nan ne na ga ƙwararru ma suna tuntuɓe. In ka rubuta Restart=always ka bar shi haka, systemd zai jira kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne kawai kafin ya sake gwadawa. Sannan yana da wata ƙa'ida: manhajar da aka tayar fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10, zai ɗauka ta lalace, ya ƙyale ta. Haɗa biyun ka gani. Manhajar da ke faɗuwa don rauta ba ta gama tashi ba za ta cinye damarta biyar kafin ka ƙifta ido, systemd ya naɗe hannu, kai kuma kana can kana cewa ai na sa always. Da ka ba ta tazarar daƙiƙa 5, ba za ta taɓa cika sau biyar cikin goma ba, za ta yi ta gwadawa har rauta ta shirya. Mai son ƙarin tabbaci ya sa StartLimitIntervalSec=0 a sashen Unit, ya cire ƙa'idar gaba ɗaya. Bambancin always da on-failure kuma shi ne, na biyun ba ya ɗaga manhajar da ta fita lafiya da kanta. Ga sabar da ake so ta zauna a tsaye kullum, always nake sawa. Kada ka ji tsoron cewa ba za ka iya tsayar da ita ba. In ka buga systemctl stop, za ta tsaya ta zauna.

Shi network-online.target ɗin ma ba ya jira har abada. Yana da wa'adi, in ya cika sai a wuce ko netwok ya zo ko bai zo ba. Saboda haka gyaran gaskiya a shagon Alhaji bai tsaya ga canja hanyar tayarwa ba. Na sa manhajar ta saurara a 0.0.0.0, wato duk adireshin da na'urar ta samu, ko yanzu ko an jima. Da haka ba ruwanta da wa ya riga wa tashi. In kuma kana so yara su shiga ba tare da rubuta lambar ƙofa (port) a ƙarshen adireshi ba, wato ta ƙofa ta 80, ba sai ka mai da ita root ba; layin AmbientCapabilities=CAP_NET_BIND_SERVICE ya isa ya ba ta wannan izinin shi kaɗai.

Abin da ya fi komai sa na riƙe systemd shi ne ranar da aka kira ni. Duk abin da manhajar ta faɗa kafin ta mutu yana shiga kundin tsarin ba tare da na yi wani shiri ba. In buga journalctl -u shago in ga sa'ar da ta faɗi da dalilin. In buga systemctl status shago in ga tun yaushe take tsaye. Wanda ya taɓa ratsa cunkoson Kwari da rana tsaka a watan Afrilu, ya isa ya tarar da na'ura shiru ba ta da abin gaya masa, ya san darajar wannan.

Masu rubuta manhaja da Node.js za su ce ai akwai pm2, mai tayar da manhajojinsu da gadinsu. Akwai, kuma yana da daɗin aiki: pm2 start, pm2 save, pm2 startup. Amma ka duba abin da umarnin ƙarshen ke yi: fayil ɗin systemd yake rubuta maka don a tayar da pm2, shi kuma ya tayar da manhajarka. In manhajoji da yawa kake juyawa kuma ka saba da shi, babu laifi. In guda ɗaya ce, ƙarin hawa ne da ƙarin ƙwaƙwalwar da ake ci. Haka Supervisor yake ga masu Python. Docker kuwa yana da --restart unless-stopped, yana kuma magance matsalar da ta fi tashi girma, wato haɗa manhaja da duk kayan da take buƙata a ƙunshi ɗaya, ka ɗauka ka dasa a allo goma iri ɗaya. A Pi 4 ko Pi 5 mai gigabait huɗu ko takwas, musamman in daga SSD take tashi, ina yarda da shi. A Pi Zero mai megabait 512 da katin SD kuwa, nauyin ya yi mata yawa, kuma yawan rubutun da yake yi yana gajiyar da kati.

To idan allon babu systemd fa? Wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato. Ƙananan rautoci da ake ɗora wa OpenWrt, tsarin Linux na rautoci, masu ma'ajiyar megabait 16 da RAM megabait 128, suna iya riƙe ƙaramar sabar, amma nasu mai tayarwar procd ne, wanda ya shigo tun fitowar 14.07 ta 2014. A can za ka rubuta ɗan rubutu a /etc/init.d, ka sa USE_PROCD=1 da START=95 don ya zo can ƙarshen jeri, ka ba da umarnin manhajar da procd_set_param command, ka ƙara procd_set_param respawn, sannan ka kira rubutun da enable. Shi ma yana da irin waccan ƙa'idar: in ba ka ce komai ba, bayan faɗuwa 5 yakan haƙura. Lamba ta uku a layin respawn ita ce yawan gwaji, in ka mai da ita 0 ba zai daina ba. Labarin faɗuwa kuma a logread za ka same shi, in ka ce a tura fitar manhajar can.

Wanda kuma ya gina nasa tsarin da Buildroot, kayan haɗa ƙaramin tsarin Linux, yawanci BusyBox, wata ƙaramar manhaja mai ɗauke da umarnai da yawa, ita ce ke tayar masa da na'ura. Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya ajiye rubutu a /etc/init.d da suna mai farawa da S da lamba, kamar S90shago, a gudanar da shi bisa jerin lambobi, ko ya rubuta layi ɗaya a /etc/inittab da kalmar respawn. Ta farkon tana ba ka iko a kan jeri amma ba ta ɗaga wanda ya faɗi. Ta biyun tana ɗagawa, kuma ita nake ba da shawara ga sabar. Sharaɗinta ɗaya, kuma sharaɗin ya shafi procd da systemd a yadda na tsara a sama: kada manhajar ta ware kanta ta koma bayan fage. Mai tsaro yana gadin wanda yake gani ne. In ta haifi 'ya ta fice, zai ɗauka ta mutu, ya yi ta tayar da sabuwa a kan tsohuwa.

Ga ƙa'idar da nake bi ke nan: dubi wanda ke tayar da allon, ka miƙa masa manhajarka kai tsaye. In kana shakka, buga ps -p 1 -o comm= a taminal, zai gaya maka sunansa; a ƙananan tsare-tsare masu BusyBox, cat /proc/1/comm zai yi wannan aikin. Ƙananan alluna irin ESP32 ba su cikin wannan lissafin, domin ba Linux gare su ba; da wuta ta shiga, abin da ka ɗora musu ya fara aiki.

Akwai abubuwan da ko ka zaɓi hanya mafi kyau za su iya kayar da kai, kuma a Kano sun fi yawa. Na farko agogo. Raspberry Pi daga ta 4 zuwa ƙasa ba ta da agogon da ke ci gaba da tafiya in babu wuta. Ta intanet take sanin lokaci. A shagon da babu intanet, ko data ta ƙare, za ta tashi da lokacin da ta adana na ƙarshe, sai ka ga bashin da aka ɗauka yau Talata an rubuta shi a daren Litinin. A wurin ɗan kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, yana iya haɗa shi rigima da abokin cinikin shekaru. Wasu sukan sa manhajar ta jira time-sync.target tare da kunna systemd-time-wait-sync, amma in intanet bai zo ba jiran ba shi da iyaka, sabar ba za ta tashi ba sam. Gara ka sayi ɗan agogon DS3231 mai batir irin na kwabo ka maƙala. Pi 5 da ta fito a 2023 ta zo da nata agogon, batir kawai za ka jona mata.

Na biyu katin SD. Yanke wuta ana tsakiyar rubutu shi ke lalata shi, kuma katin da ya lalace babu systemd ɗin da zai tashe shi. A raspi-config akwai zaɓin overlay da ke mai da tsarin abin karantawa kawai, duk rubutu ya tsaya a RAM. In ka kunna shi, tilas bayanan ciniki su koma wani wuri daban, filas ko SSD, in ba haka ba lissafin yini zai tafi tare da wuta. Kundin journalctl ma ba zai kwana ba sai ka nemar masa inda zai zauna. Mafi alheri dai shi ne kada wutar ta yanke wa na'urar ko kaɗan: batir mai bolt 12 na sola da ɗan abin da ke sauke shi zuwa bolt 5. Fawabank da yawa sukan ɗauke na ɗan lokaci in ana canji tsakanin caji da bayarwa, wannan ƙiftawar kuma ta isa ta kashe Pi. Cajar ma a kula da ita. Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3, cajar wayar da aka tsinta a aljihun tebur ba ta kai ba. Buga vcgencmd get_throttled. In ba 0x0 ya nuna ba, ko wuta ta gaza ko zafi ya yi yawa, kuma a zafin bazararmu, cikin akwatin da ƙurar hunturu ta toshe ramukansa, duka biyun suna faruwa.

Na uku shi ne ranar da na'urar kanta ta daskare, ba manhajar kaɗai ba. Allon Pi yana da mai gadi a jikinsa, wanda in aka daina taɓa shi na wasu daƙiƙoƙi zai sake kunna na'urar da kansa. Layin RuntimeWatchdogSec=10 a /etc/systemd/system.conf ne ke sa systemd ya riƙa taɓa shin. Kada ka wuce 15, domin iyakar abin da mai gadin Pi ke iya ƙirgawa ke nan. Wanda kuma ke amfani da ƙaramar kwamfutar Intel a maimakon Pi, ya shiga BIOS ya nemo inda ake zaɓar abin da za ta yi in wuta ta dawo, ya sa ta kunna kanta. Da yawansu a kashe suke zama har sai an danna maɓalli.

Gwajin da nake yi kafin in bar kowane wuri ba na sudo reboot ba ne, domin wannan kashewa ce ta lallami, rauta tana kunne, komai a shirye. Kwafin kati nake fara ɗauka, sannan in kashe makunnin da ke ba Pi da rauta wuta tare, in ƙirga goma, in kunna, in tsaya da waya a hannu ina jiran shafin ya buɗe. Sai in maimaita da rauta a cire, in jona ta bayan minti biyu. Sai in kashe manhajar da kill -9 in ga ko za ta dawo cikin daƙiƙa biyar. A shagon Alhaji, da na gama gyaran, na kira babban yaron shagon na ce shi zai ja makunnin da hannunsa. Ya ja, muka tsaya. Fitila kore ta yi ta ƙyaftawa, rauta ta biyo baya, shafin ya buɗe a wayarsa da lissafin safiya cif. Alhaji ya leƙo daga kan dilar da yake zaune ya ce a sake, yana so ya gani da idonsa. Aka sake sau biyu, sannan ya ce a kawo mini ruwa mai sanyi.